Koyon Na'ura a Rumbun Bayanan Kayan Abinci na Gayya: Wace Hanya Za a Bi?

Mutum ya ɗauki fakitin biskit a kanti, ya haska lambar bakod ɗinsa da waya, manhaja ta ce ba ta san wannan kaya ba. Sai ya ɗauki hotuna uku, na gaban fakitin da na jerin kayan haɗi da na jadawalin sinadarai, ya tura, ya ci gaba da sayayyarsa. Rumbu ya samu sabon kaya ke nan, amma abin da ya shigo hoto ne zalla: ledar tana ƙyalli, babban yatsan mai ɗauka ya rufe ƙarshen layi biyu, rubutun kuma an cusa shi cikin harsuna huɗu da ƙananan haruffa. Babu suna a gurbinsa, babu rukuni, babu adadin sukari ko na gishiri da kwamfuta za ta iya yin lissafi da shi. Sai wani ya zauna ya karanta ya rubuta.

Haka kowane rumbun bayanai da jama'a ke cikawa ta hanyar gayya yake fama. Mafi shahara a wannan fage shi ne Open Food Facts, wanda Stéphane Gigandet ya kafa a Faransa a shekarar 2012, ya kuma wuce kaya miliyan 3. Masu ɗaukar hoto suna da yawa, masu zama su kwafe jadawali layi bayan layi kuwa kaɗan ne, don haka hotuna suna taruwa fiye da yadda hannu zai iya cim musu. Dole a nemi taimakon na'ura. Wanda ke kula da irin wannan rumbu yakan tsinci kansa tsakanin hanyoyi uku: ya rubuta ƙa'idojin bincike da hannu ya ɗora su a kan manhajar karanta rubutu daga hoto, ko ya horar da ƙananan manhajoji na kansa da bayanan da ya riga ya tara, ko ya yi hayar manyan manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu duba hoto su ba da amsa nan take.

Ma'aunan da za a auna da su

Kuɗi shi ne abin da kowa ke fara tambaya, amma kuɗin iri uku ne, kuma ba lokaci ɗaya suke fita ba. Akwai na ginawa, akwai na gudanarwa wanda ke ƙaruwa da yawan hotuna, akwai kuma lokacin 'yan sa kai, wanda ba ya fitowa a takardar kasafi amma shi ne ya fi ƙaranci. Hanyar da ta rage dala ta kuma ƙara wa 'yan sa kai aikin gyara ba ta yi arha ba.

Na biyu shi ne ƙarko. Kamfanoni suna sauya kayan haɗi da zanen fakiti ba tare da sun sauya lambar bakod ba a lokuta da dama, dokokin rubutun jikin kaya suna canzawa, tsarin ba abinci maki ma yana canzawa. Abin tambaya shi ne ko abin da aka gina yau zai ci gaba da aiki bayan shekara uku, kuma idan ya lalace, wa zai iya gyara shi bayan wanda ya gina shi ya tafi.

Na uku shi ne sauƙin farawa da na kulawa, wanda bai buƙatar dogon bayani.

Na huɗu, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne irin kuskuren da hanyar ke yi. Ba yawan kuskure kaɗai ake dubawa ba. Ana duba ko kuskuren yana bayyana da kansa ko ɓuya yake yi, kuma a wane gurbi yake faɗawa. Idan na'ura ta ce fakitin kwali ne alhali leda ce, ba wanda zai cutu. Idan ta sa kaya a rukunin da ba nasa ba, lamarin ya fi haka, domin makin Nutri-Score, wanda Faransa ta amince da shi a 2017 kuma yake raba abinci daga A zuwa E gwargwadon ingancin sinadaransa, yana da lissafi dabam ga abin sha, da cuku, da mayuka, saboda haka kuskuren rukuni kan iya sauya harafin da mai saye zai gani. Idan kuwa ta tsallake kalmar gyaɗa a jerin kayan haɗi, to maganar rai ce. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1169/2011 ta lissafa abubuwa 14 masu tayar da alaji, wato rashin lafiyar da wani abinci ke jawo wa wasu mutane, waɗanda dole a bayyana su a jikin kaya, Amurka kuma tana da 9 tun da aka ƙara riɗi a farkon 2023. Masu alaji suna buɗe irin waɗannan manhajoji ne don su yanke shawarar ci ko bari, ko da an gargaɗe su cewa su duba fakitin da idonsu.

Hanya ta ɗaya: ƙa'idojin hannu a kan manhajar karanta hoto

A nan koyon na'ura yana wuri ɗaya ne kawai, wato wajen mayar da hoto zuwa rubutu, abin da masana ke kira OCR. Sauran aikin duk ƙa'idoji ne da ɗan Adam ya rubuta. Don karatun, akwai Tesseract, wanda aka fara ƙerawa a kamfanin HP a shekarun 1980, aka sake shi kyauta a 2005, kowa na iya ɗora shi a kwamfutarsa ba tare da ya biya komai ba. Akwai kuma na haya irin Google Cloud Vision, wanda Open Food Facts ke amfani da shi, kuma farashinsa na karanta rubutu ya daɗe a kan dala 1.50 ga hoto 1,000 bayan dubun farko na kowane wata da ake bayarwa kyauta. Hoto miliyan ɗaya ya tashi kusan dala 1,500 ke nan. Tesseract ya fi ƙwarewa a kan takarda shimfiɗaɗɗiya mai fari da baƙi. A kan gwangwani mai lanƙwasa ko leda mai walƙiya yakan sha wahala, kuma kusan duk hotunan kayan abinci haka suke.

Mutane sukan raina wannan hanya saboda ba ta da ƙyalli, amma bayanan abinci suna da wata baiwa da yawancin bayanai ba su da ita: lissafi ne ke ɗaure su. Jimillar maiƙo da kabohaidiret da furotin da gishiri a cikin giram 100 ba za ta wuce giram 100 ba. Sukari ba zai fi kabohaidiret yawa ba, tunda ɓangare ne nasa. Gishiri shi ne sodiyam sau 2.5. Kilokalori ɗaya kilojul 4.184 ne. Giram ɗaya na maiƙo yana ba da kilokalori 9, na furotin da na kabohaidiret kuma 4 kowanne. A ɗauki wancan biskit ɗin: idan yana da maiƙo giram 20, kabohaidiret 65, furotin 7, kuzarinsa zai zo kusan kilokalori 468, wato kusan kilojul 1,960. Idan wani ya rubuta 1,960 a gurbin kilokalori, layi ɗaya na manhaja ya isa ya kama shi, domin ko zallan mai bai wuce kilokalori 900 a giram 100 ba. Ita kanta lambar bakod mai alƙaluma 13, alƙalaminta na ƙarshe na tantancewa ne: ana ninka sauran 12 ɗin da 1 da 3 bi da bi, a tara, sai na ƙarshen ya cike jimillar zuwa ninkin goma. Duk wannan ba ya buƙatar horar da komai.

Ƙarkon waɗannan ƙa'idoji ba shi da na biyu, kuma idan ɗaya ta yi kuskure ana iya buɗe ta a ga dalilin. Gizo yana saƙa ne inda ake buƙatar fahimtar magana. Ƙa'idar da aka ce ta nemi kalmar madara za ta kama madarar kwakwa, wadda ba ta da alaƙa da nonon dabba. Wadda aka ce ta nemi kalmar gulutin, wani furotin da ke cikin alkama, za ta kama fakitin da aka rubuta wa cewa babu gulutin a cikinsa. Bambanci tsakanin “yana ɗauke da gyaɗa” da “mai yiwuwa a samu ɓurɓushin gyaɗa” dole a rubuta masa ƙa'ida a kowane harshe, kuma kowane kamfani da yadda yake faɗar sa. Jerin ƙa'idojin yakan yi ta tsawo har ya zama babu mai iya taɓa ɗaya ba tare da ya ɓata wata ba. Sannan ƙa'ida tana gadon duk kuskuren da manhajar karatu ta yi. Sanannen abu ne harafin g na giram ya koma lamba 9, ko waƙafin da Turawan nahiyar Turai ke raba adadi da shi ya ɓace, 2,5 ya zama 25. Wani lokaci lissafin kuzari yana kama wannan, wani lokaci kuma, musamman a gishiri wanda ba ya shiga lissafin kuzari, kuskuren ya wuce sumul.

Hanya ta biyu: horar da ƙananan manhajoji na gida

Ita ce hanyar da Open Food Facts ya fi zuba ƙarfinsa a kai, ta wata manhaja da ya sa wa suna Robotoff. Ba a fara ginin daga tushe. Ana ɗauko buɗaɗɗiyar manhaja da wasu suka riga suka horar da ɗimbin rubutu ko hotuna, a ƙara mata horo a kan aiki ɗaya tak. Wata ta koyi hasashen rukunin kaya daga sunansa da kayan haɗinsa. Wata ta koyi gano tambari a jikin fakiti. Wata ta koyi ware inda jerin kayan haɗi ya fara da inda ya ƙare a cikin tarin rubutun da aka karanto, wata kuma ta koyi haɗa kowane adadi da layinsa a jadawali. Tubalan aikin suna nan a buɗe: XLM-RoBERTa da Facebook ya fitar a 2019 an horar da shi da harsuna 100, CLIP na OpenAI daga 2021 yana mayar da hoto zuwa jerin lambobi da za a iya kwatanta su da juna, LayoutLMv3 na Microsoft daga 2022 yana la'akari da rubutu tare da wurin da yake a shafi, dangin YOLO kuma suna gano abu a cikin hoto su zana masa akwati.

Kuɗin wannan hanya a gaba yake. Ana buƙatar ƙwararre aƙalla ɗaya wanda ya san aikin, da hayar kwamfuta mai katin GPU, wato na'urar da ke saurin lissafi, na lokacin horo, da abin da ya fi duka tsada: misalai masu tsabta. Ga hasashen rukuni da sauƙi, domin kayan da 'yan sa kai suka riga suka rarraba su ne darasin. Ga jadawalin sinadarai kuwa sai mutane sun zauna sun yi wa hotuna alama ɗaya bayan ɗaya, su nuna cewa wannan adadin na maiƙo ne a giram 100, wancan na kusa da shi kuma na kaso ɗaya na ci ne. Aiki ne mai cin ido da haƙuri. Bayan an gama, gudanarwa tana da arha ƙwarai, domin ƙaramar manhaja tana iya bin miliyoyin kaya a kan sabar da rumbun yake da ita, kuma ba mai turo takardar biya a ƙarshen wata.

Babban alherinta shi ne tana faɗin ƙarfin tabbacinta da lamba. Idan ta ce kashi 98 cikin ɗari wannan yogot ne, a wani kayan kuma ta ce kashi 55, mai kula da rumbu yana da abin da zai ja layi da shi: na sama ya shiga kai tsaye, na tsakiya a tambayi mutum, na ƙasa a watsar. Wannan lambar ba gaskiya ba ce har sai an gwada ta da kayan da manhajar ba ta taɓa gani ba, amma ana iya gwadawa, ana iya daidaitawa. Kuma manhajar mallakar rumbu ce. Abin da ta amsa yau shi za ta amsa gobe, ba wanda zai sauya ta da dare.

Tana da cututtuka biyu da ya kamata a sani tun kafin a fara. Na farko, ba ta san abin da ba a nuna mata ba. Rumbun gayya ba ya cika daidai wa daida. A Open Food Facts kayan Faransa sun fi na kowace ƙasa yawa, don haka manhajar da ta koya daga gare su za ta ƙware a jadawalin Turai mai giram 100, ta yi tuntuɓe a na Amurka wanda ke lissafi da kaso ɗaya na ci kuma yake rubuta sodiyam da miligiram maimakon gishiri da giram. Idan aka auna ta a dunƙule za a ga sakamako mai kyau, saboda masu yawa sun rufe marasa yawa. Dole a auna ta ƙasa-ƙasa, harshe-harshe, in ba haka ba ƙasashen da suka fi buƙatar taimako su ne za su fi samun ɓarna.

Cuta ta biyu ta fi wuyar gani. Manhajar tana koyo daga rumbu, sannan tana rubutu a cikin rumbun. Idan ba a yi wa abin da ta rubuta alama ba, horo na gaba zai ɗauki hasashenta a matsayin aikin ɗan Adam, ta koyi kuskurenta a matsayin gaskiya, tabbacinta ya ƙaru alhali ingancinta bai ƙaru ba. Maganinsa ba shi da tsada idan an yi shi tun farko: kowane gurbi ya riƙe tarihin wanda ya cika shi, mutum ne ko na'ura, wace na'ura, daga wane hoto. Idan aka bar shi sai daga baya, warware shi ya zama tsince tsakuwa daga cikin buhu.

Ta fuskar ƙarko, matsakaiciya ce. Tana tsufa a hankali yayin da sababbin kaya da sababbin tambura ke shigowa, don haka sai an riƙa sabunta horon. Haɗarin da na fi ganin ana mantawa da shi ba na fasaha ba ne: a ayyukan sa kai, sau da yawa ɗalibi ko ƙwararre yakan zo na 'yan watanni ya gina abu mai kyau ya tafi, a bar manhaja tana aiki babu wanda ya san da waɗanne bayanai aka horar da ita. Wanda ba zai iya riƙe mutum ɗaya a kan aikin na tsawon lokaci ba, ya yi tunani sau biyu.

Hanya ta uku: hayar manyan manhajojin ƙirƙirarriyar basira

Tun daga 2023, lokacin da manhajoji irin GPT-4 suka fara karɓar hoto, wannan hanya ta zama mai jan hankali, kuma da dalili. A tura hoton fakiti tare da umarni cikin magana ta yau da kullum, a ce a fitar da kayan haɗi da adadin sinadarai cikin tsari kaza, amsa ta dawo cikin daƙiƙu. Ba horo, ba yi wa hotuna alama, mutum ɗaya na iya haɗa gwaji cikin yini guda. Ta san madarar kwakwa ba nono ba ce, tana rarrabe harsuna huɗun da ke jikin ledar, tana fahimtar jadawalin da aka rubuta a jere kamar jimla saboda ƙarancin wuri. A harsunan da rumbu ba shi da misalai da yawa, ita ce kaɗai ke iya fara aiki daga ranar farko.

Kuɗinta a baya yake, kuma ba ya ƙarewa. Ana biya gwargwadon girman abin da aka tura da abin da aka karɓa, kowane hoto da kuɗinsa, kuma duk lokacin da aka gyara umarnin aka so a sake bin tsofaffin hotuna, sai a sake biya. Ga rumbu mai kaya dubu goma wannan ba komai ba ne. Ga mai miliyoyi, wanda kowane kaya ke da hotuna da yawa, lissafi ne da dole a yi da alƙalami kafin a sa hannu. Ƙarkonta kuma ba a hannun rumbu yake ba, domin kamfanonin suna janye tsofaffin manhajoji su kawo sababbi, kuma umarnin da aka daidaita da wata ba lallai ya ba da sakamako iri ɗaya da magajiyarta ba. Akwai mafita ta tsakiya, wato manyan manhajojin da aka saki ga kowa, irin dangin Llama na Meta, da Mistral, da Qwen na Alibaba, waɗanda mutum zai iya ɗorawa a na'urarsa. Wannan yana magance matsalar janyewa, amma yana dawo da buƙatar kwamfuta mai ƙarfi da ƙwararren mai kula. Rumbun da ke sakin bayanansa ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisi, kamar ODbL da Open Food Facts ke amfani da shi, ya kamata kuma ya karanta sharuɗɗan kamfanin da kyau game da abin da aka halatta a yi da amsoshin.

Sai mu koma kan yatsan nan da ya rufe ƙarshen layi biyu. Manhajar karatu ta hanya ta ɗaya, idan ta iso wurin, za ta fitar da guntun kalma ko tarkacen haruffa, wanda duk mai ido zai gane cewa akwai matsala. Babbar manhaja kuwa an gina ta ne don ta ci gaba da magana da abin da ya fi dacewa ya biyo baya. Ta ga dubban jerin kayan haɗin biskit, ta san abin da aka saba rubutawa a wurin, don haka tana iya cike gurbin da kalma mai kyau, daidai da nahawu, daidai da al'adar biskit, wadda ba ita ce a jikin wannan fakitin ba. Idan abin da yatsa ya rufe garin gyaɗa ne ita kuma ta rubuta garin madara, babu alamar da za ta nuna an yi ƙage. Jerin zai fito tsaf, ya ma fi na gaskiya kyan gani. Ɗan sa kai da ke duba amsa ɗari a zama ɗaya yakan tsaya ne a kan wadda ta yi muni, mai kyau kuwa ya danna mata amincewa ya wuce. Shi ya sa nake ganin yawan kuskurenta na iya zama ƙasa da na sauran, amma kuskuren da ta yi ya fi nasu wuyar kamawa. Tambayar ta ko tana da tabbaci ba ya wadatarwa, domin abin da za ta faɗa ba ma'auni ba ne da aka gwada.

Ana iya ɗaure ta. Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa ta da hanya ta ɗaya: duk kalma ko adadin da ta fitar a neme shi a cikin rubutun da manhajar karatu ta samo daga hoton, wanda ba a samu ba a ɗaga masa tuta, sannan a bi adadin da ƙa'idojin lissafi.

| Ma'auni | Ƙa'idojin hannu | Horarriyar manhajar gida | Babbar manhajar haya |
|---|---|---|---|
| Kuɗin farawa | Kaɗan | Mai yawa | Kaɗan ƙwarai |
| Kuɗin gudanarwa | Na karanta hoto kawai | Kaɗan | Yana hawa da yawan hotuna |
| Ƙarko | Mai ƙarfi | Sai da sabunta horo | Yana hannun kamfani |
| Sauƙi | Sauƙin farawa, wuyar faɗaɗawa | Sai ƙwararre da misalai | Mafi sauƙi |
| Sabon harshe | Sai an sake rubutu | Rauni idan misalai kaɗan ne | Tana iyawa tun farko |
| Irin kuskure | Galibi a fili yake | Ana iya aunawa | Yana ɓuya |

Wa ke danna maɓallin ƙarshe

Teburin bai nuna wata tambaya da ke ƙarƙashin duka ukun ba: shin na'ura za ta rubuta a rumbu da kanta, ko shawara za ta bayar mutum ya amince? A ce wata manhaja tana daidai sau 99 cikin 100. Idan aka sake ta a kan kaya miliyan ɗaya, ta shigar da kuskure 10,000 cikin dare ɗaya, adadin da 'yan sa kai za su yi watanni ba su gano ba, balle su gyara. Open Food Facts ya bi da wannan ta hanyar mayar da yawancin hasashen Robotoff zuwa ƙananan tambayoyi na e ko a'a, waɗanda ake nuna wa masu amfani a cikin manhajar waya da kuma wani shafi mai kama da wasa: ga hoto, shin wannan kayan na wannan rukunin ne? Amsa tambaya irin wannan daƙiƙa biyu ce, kwafe jadawali kuwa mintuna ne, kuma kowace amsa ta zama sabon misali na horo. Wikipedia ma ta bi irin wannan tafarki da manhajar ORES, wadda ta ƙaddamar a 2015 don ta ba gyare-gyare maki, masu sintiri su san inda za su fara dubawa.

Tambayar mutum ma tana da nata farashi. Idan tambayoyin suka yi yawa ko suka zama shirme, mutane sukan gaji su daina amsawa, ko su riƙa danna e ba tare da sun duba ba, wanda ya fi rashin amsa muni tunda yanzu kuskuren ya samu hatimin ɗan Adam. Don haka layin tabbaci ba ɗaya ba ne ga kowane gurbi. Nau'in mazubi da tambarin kamfani za su iya shiga kai tsaye idan tabbaci ya yi sama. Rukuni da adadin sinadarai su bi ta ƙa'idojin lissafi, wanda ya tsallake ya shiga da alamar cewa na'ura ce ta rubuta. A gurbin alaji kuwa akwai rashin daidaito da ya kamata a gina a cikin tsarin: a bar na'ura ta ƙara gargaɗi, amma kada a taɓa bari ta cire shi, kuma kada rashin ganin kalma a hoto ya zama hujjar cewa babu abin a cikin kayan.

Wace ga wa

Ƙaramin rumbu mai kaya 'yan dubbai, wanda mutum biyu ko uku ke riƙe da shi a lokacin hutunsu, ya fara da ƙa'idojin lissafi, domin su ne za su share masa kurakuran da suka riga suka shiga. Don cike sababbin kaya ya yi hayar babbar manhaja, tunda a wannan adadi kuɗin ba zai dame shi ba, kuma yana da ikon duba kowace amsa da ido kusa da hotonta. Horar da manhaja a wannan mataki ɗaukar dala ba gammo ne. Misalan ba su isa ba.

Babban rumbu mai ɗaruruwan dubbai zuwa miliyoyi, wanda ke da ma'aikaci ko biyu na dindindin, ribarsa tana cikin manhajojin gida ga ayyukan da ake maimaitawa kullum, wato rukuni da tambari da jadawali. Babbar manhaja tana da gurbi a wurinsa, amma a bayan fage: ta yi zubin farko na yi wa hotuna alama, mutane su gyara, a horar da ƙaramar da abin da aka gyara, muddin sharuɗɗan manhajar sun yarda da hakan.

Wanda ke shiga sabuwar ƙasa ko sabon harshe da ba shi da misalai a cikinsa, babbar manhaja ce ƙofarsa, da sharaɗin kowace amsa ta bi ta hannun mai jin harshen, kuma a ajiye gyare-gyaren da kyau, domin nan gaba su ne jarin horo.

Wanda kuwa manhajarsa ta masu alaji ce, ko ta masu ciwon sukari ko hawan jini da ke ƙidayar giram, na'ura a wurinsa mai nuni ce kawai. Ya yi amfani da ita wajen jera hotunan da suka fi buƙatar dubawa, da gano fakitin da aka sauya wa kayan haɗi, da neman sabon hoto idan yatsa ya rufe layi. Ya kuma nemi bayanai kai tsaye daga kamfanonin da ke yin kayan inda hakan zai yiwu, ya nuna wa mai amfani hoton asali kusa da rubutun da aka fitar, tare da ranar da aka ɗauke shi.